Waƙar Inna a Injin Dije

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu ƙafata ba ta daina motsi ba.

Ga ni a layin markaɗe da rana tsaka, riƙe da kwano. A garin nan ba tattasai ake kaiwa inji ba, waƙa ake kaiwa. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa ya shimfiɗa lemarsa ya taka.

A kwanona waƙar dakan Inna ce, Allah ya ji ƙanta. Na leƙa, ta fara tsami, har baiti ɗaya ya tsallake ya gudu. Hankalina ya tashi. Ni kaɗai na rage mai tuna ta, 'yata Ladidi kuwa ta ce ba ta taunuwa.

Mai injin wata agwagwa ce.

"Sunana Dije," in ji ta. "Sana'ata ma dije, mai haɗa kiɗa a wurin biki. An hutar da ni."

"Rimiks za ki yi mini, Hajiya, ki juya ta da kiɗan zamani."

"Da laushi ko tsaki-tsaki?"

"Yadda yara za su iya haɗiya."

Ta juye kwanon, ta zuba ganga ludayi guda, ta barbaɗa kalangu, ta ja igiya. Inji ya yi tari ya tsaya. Ta zura baki ta tsamo wani abu mai tauri. Ashe wurin nan ne da Inna kan katse waƙa ta daka mini tsawa: "Tanimu, kore kajin nan!"

"Tsakuwa ce, jefar," na ce, kunya ta rufe ni.

"Malam, ba ka san aiki ba. Ai nan maiƙon yake."

Ta mayar. Inji ya ɗauka: "Kore, kore, ko-ko-kore kajin nan!"

Wayyo daɗi! Layi ya watse da rawa. Kwanuka suna juyi, lemomi suna tafi. Kajin da ake cewa a kora su ne a gaba, sun sha ɗaurin ɗankwali. Can tsakiya ga Ladidi, tana rera waƙar tun daga farko, har da baitin da ya gudu, ya dawo yana haki.

Sai Inna ta leƙo ta bakin injin, gari har gira.

"Wa ya sa ni sauri haka kamar na bar tuwo a wuta?"

"Inna, don yara ne."

Ta kasa kunne, ta kalli jikarta.

"To, tunda suna yi, a ƙara ganga."

Na yi dariya har hawaye, hawayen suka bi ruwa suka yi sama.

Ƙarar injin maƙwabcinmu ce ta tashe ni. Na leƙa tsakar gida, kaji sun cika tabarmar gero.

"Ladidi, kore kajin nan!"

Ashe da karin waƙar Inna na faɗa. Yarinyar ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Baba, wace waƙa ce wannan? Sake yi."