Ranar da Sandar Roba Ta Ƙi Ɗaukar Takarda

Shekara goma sha ɗaya Anti tana kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantar. Ita ke sirka asid da ruwa, ita ke liƙa wa kwalabe suna, ita ke koya wa ɗalibai cewa asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Amma sabon malamin kimiyya ya buɗi baki gaban shugaban makaranta ya ce ai mai wankin kwalabe ce kawai, ko babu ita darasi zai tafi. A kan kunnenta ya faɗa, tana tsaye da bokiti a hannu.

Shugaba kuwa dama neman ma'aikacin da zai rage yake yi. Ya ce to, a gani ranar Laraba, wajen bitar ƙarshe kafin jarrabawa. In darasi ya tafi ba hannunta, ta tattara nata ya nata.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har abinci ya gagare ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Akwai abu guda da malam bai taɓa tambaya ba, saboda shi sai an jera komai yake shigowa yana ƙamshin turare: duk ranar darasin cajin lantarki, Anti sai ta goge ƙyallen ulu da dutsen guga, ta busar da sandunan roba ƙarau.

Laraba, ranar da za a yi bitar darasin caji, aka tashi da ruwan sama. Ta ɗauko sanda da ƙyalle daga kantar da ke kusa da famfo, ta ajiye masa yadda suke, da sanyinsu da laimarsu. Wallahi ko ɗigon ruwa ba ta ƙara ba. Ta ja kujera ta naɗe hannu.

Malam dai akwai baki. Ya bayyana wa 'yan aji cewa in an goga sanda a ƙyalle, ƙananan ƙwayoyin da ake kira ilektiron sukan bar ƙyallen su taru a sandar, sai ta yi caji ta ja gutsuren takarda. Caji iri ɗaya ture juna suke, mabambanta kuma jan juna. Sannan ya goga, ya miƙa sanda kan takardun.

Ko motsi ba su yi ba. Ya sake gogawa har ya yi gumi, ya kuwa share tafinsa da ƙyallen nan, abin ya ƙara lalacewa. Ya ce sandar ce jabu. Wani daga baya ya yi tari irin na dariya. Daɗi ya kama Anti har cikin ƙashinta.

Shugaba, da ke zaune a gefe yana kallo, ya juyo ya dube ta. Ta miƙe a hankali kamar mai ciwon baya, ta jona dutsen guga, ta busar da kayan. Ɗalibai ta fuskanta, ba malam ba. Ta ce musu laima ce ke kwashe cajin tun bai taru ba, su rubuta, yana fitowa a jarrabawa. Goga uku ta yi, takardu suka yi tsalle suka manne. Ajin ya ɗau tafi. Shugaba ya miƙe, ya ce ta ci gaba da riƙe makullinta na ɗakin gwaje-gwaje, malam kuma ya same shi a ofis.

Malam ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Haba Anti, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗauki bokitinta. "Ni a wa, Malam? Ai kwalabe nake wankewa."