Tsohuwar Rijiyar Kurmin Kogi

Tun da maganin feshi ya fallatsa wa Hamisu a ido a gonar rake ya daina gani, bai sake leƙa ko zaure ba. Likita a Kaduna ya ce a jira. Aka jira har rake ya isa sara. Abokai suka yi ta zuwa dubiya da labarin ƙwallo, shi kuwa fuskarsa na bango. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, sai Safiyanu ya rage, shi ma don ba gwanin magana ba ne. Ya zo, ya zauna, ya tafi.

Wata ranar kasuwar Makarfi wayar Safiyanu ta cika. Ya zauna a rumfar mai caji yana share tarkace, sai ya ci karo da wasu littattafai da ya manta da su. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya tura masa suna ajin ƙarshe a sakandare. Tsofaffin littattafan wasa ne na Turawa, an ɗauki hotonsu shafi-shafi, wani har da shatin kofin shayi. Wasan ba allo, ba fili. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran su faɗi abin da za su yi a cikinsa, in an zo wurin shakka a jefa ɗan ludo ya raba gardama.

Har ya kai yatsa zai goge, sai ya tsaya. Wannan ai wasan baki da kunne ne.

Ya shiga tankaɗe da rairaya. Masu taswirar da sai an gani, ya goge. Masu gumaka da matsafa, ya goge, don Malam Sada, mahaifin Hamisu, a bakin ƙofar ɗakin yake wuni yana tufkar igiya, kuma kunnensa ba ya barci. Masu tulin ƙa'idoji, Turancinsu ya fi ƙarfinsa. Ɗaya ya rage, ɗan siriri: rami a ƙarƙashin ƙasa, da zinariya a ciki. Ya mai da ramin tsohuwar rijiya a Kurmin Kogi, zinariyar kuma ɗan maraƙi.

Bayan la'asar ya isa gidan su Hamisu a Gazara. Ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan? Shiga mana."

Ya zauna a bakin katifar Hamisu, ya fiddo ɗan ludo. Malam Sada ya leƙo.

"Ba a caca a gidana."

"Ba kuɗi a ciki, Baba."

"Haka kowa ke cewa ranar farko." Ya miƙo hannu. Ɗan ludo ya shige aljihunsa.

Safiyanu ya tsinci ƙwallayen dabino a gefen tabarma, ya share ƙasa da tafin hannu zai watsa su.

"Daga caca kuma sai bugun ƙasa?" in ji tsohon. "Gobe da farin zakara za ka zo mana?"

Wani ɗan sauti ya fito daga wajen bango, kamar dariyar da aka danne. Safiyanu ya zubar da ƙwallayen. Ya fara haka nan, hannu wofi.

"Hamisu, kana bakin tsohuwar rijiya. Maraƙi na kuka a ƙasa. Kana da igiya, da adda, da tocila. Me za ka yi?"

Kaza ta shigo ta fita. Safiyanu ya fara tunanin tashi.

"Tocila," in ji Hamisu, muryarsa a dushe. "Me zan yi da ita?"

Safiyanu ya ga wautarsa.

"Jefar da ita."

"Na jefar. Igiyar ta waye?"

"Ta Baba."

"To za ta ɗauke ni. Na ɗaura a jikin kuka, na sauka."

Nan ne wurin jefa ɗan ludo. Safiyanu ya dubi ƙofa.

"Baba, abin raba gardamar yana aljihunka. Sai dai kai ka faɗa. Ta tsinke ko ba ta tsinke ba?"

Malam Sada ya daina tufka. Ya daɗe yana kallon ƙeyar ɗansa.

"Igiyata ba ta tsinkewa," ya ce. "Amma na san ɗaurin yaron nan. Ya zame. Yana cikin laka har gwiwa."

Hamisu ya juyo, ya tashi zaune.

"Baba, wannan son kai ne."

"Kai dai nemi maraƙin mutane."

Ya nema. Ya ce a yi masa shiru ya ji ta inda kukan ke fitowa, ya bi bango da hannu, ya tambayi ko iska na busowa ta hagu. Safiyanu bai shirya wannan ba, littafin ma bai faɗa ba, sai ya ƙirƙira. Sau biyu Malam Sada ya kayar da Hamisu, sau ɗaya ya bar shi ya tsallake maciji.

Ana kiran magariba ya kamo maraƙin a wuya.

"Saura fitowa," in ji Safiyanu.

"Da wannan ɗaurin?" Tsohon ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ku kwana a ciki."

"Kawo igiyar in nuna maka," in ji Hamisu.

Malam Sada ya miƙa masa bakinta, bai saki ɗaya bakin ba, ya nufi zaure a hankali. Hamisu ya laluba takalmansa da ƙafa, ya bi shi, yana ƙulla ta yana mita.