Baƙin Ƙyallen Mam Bayiz

"Ajiye shayin nan ka saurare ni, Nawzad," in ji dattijon maƙwabcina, Mam Bayiz, yana jan numfashi da ƙyar a kan katifarsa. "Kai za ka rubuta baƙin ƙyallena. Sunana, sunan ubana, masallacin zaman makoki. Shi ke nan. Ka kuskura ka sa sunan mutumin nan, sai na taso na shaƙe ka."

"Haba Mam, wa ya ce mutuwa za ka yi?"

"Likita. Ya fi ka iya ƙarya, amma shi ma ya gaji."

Shekara ashirin ina rubuta ƙyallen sanarwar mutuwa a unguwarmu a birnin Sulaimaniya. Mutumin da yake nufi kuwa Minista ne. Tare suka yi yaƙi a duwatsu, gurasa ɗaya suke rabawa. Da aka sauko gari, ɗaya ya hau kujera, daga majalisa har ofishin minista. Ɗayan ya mayar da katin jam'iyya ranar da aka raba wa manya filayen matan shahidai, ya koma sayar da rumman a kasuwa.

"A kan idona, Mam, na ɗauki alkawari," na ce.

Ranar Alhamis ya cika. Ba a gama wankan gawa ba sai ga farar mota a ƙofar shagona. Sakataren Minista ya miƙo mini takarda mai layin da zan ƙara a ƙyallen, har da sunan maigidansa: Amini kuma abokin gwagwarmayar Minista.

"Da manyan baƙaƙe, Kak Nawzad ɗan'uwa, zaɓe ya matso. Af, 'yarka har yanzu tana jiran takardar fara koyarwa ko?"

Bai tsorata ni ba. Ko musu ban yi ba, abin da ke ci na ke nan har yau. Na ma gyara hannu, rubutun ya fito tsaf.

Da la'asar ina ɗaure ƙyallen a bangon gidansu, matarsa Gulizar ta fito sanye da baƙaƙen kaya.

"Ɗana, ka san ban yi makaranta ba. Karanta mini."

Na karanta sunansa, sunan ubansa, da masallaci. Layin tsakiya na tsallake.

"Yadda ya so," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ta miƙa hannu tana shafa rubutun a hankali. Fentin bai gama bushewa ba, sunan Minista ya ɗan kama yatsunta.