Waken Keziah

Zomaye biyu Enoch Tibbs ya kama a dajin wani mai ƙasa, alƙali ya yanke masa shekara goma sha huɗu a tsibirin Van Diemen, can ƙarshen kudancin duniya inda ake kai fursunoni. An ce adalci ke nan. To, ba a dai ji ta bakin 'ya'yansa da suka sha romon ba.

Ranar da za a kai shi jirgi, matarsa Keziah ta ɗinke masa ƙwayar wake tara a bakin riga.

"Ranar Juma'ar Ista ka shuka, kamar yadda muka saba," in ji ta. "Ni ma zan shuka nawa a bayan ɗaki. Ka ga ranar muna tare ke nan."

Ba ta iya rubutu ba, shi ma haka. Waken nan shi ne wasiƙar.

Wata huɗu suna kan teku. Da suka sauka aka ba da shi aikin gona, aka haɗa shi bukka ɗaya da Barney Doyle, wani tsohon fursuna wanda bulala ta gama zane masa baya. Juma'ar na zuwa, Enoch ya farke ɗinkin, ya durƙusa a gindin bukka yana tona rami.

"Kai, sabon shiga, gawar wa kake binnewa?" in ji Barney.

"Wake ne, tsoho."

"Yanzu? Uban 'yan wayo! Nan fa duniya a kife take. Can gida ɗumi ke shigowa, nan sanyi ne a bakin ƙofa. Bari sai Oktoba."

"Ubana ranar nan yake shuka."

"Ubanka a nan ya yi noma?"

Enoch ya binne biyar. Suka fito kuwa, kore shar, har ya riƙa yi musu magana in ya dawo daga kiwo. Wata safiya ya tarar raɓa ta daskare a kansu, ganyen sun yi baƙi sun kwanta. Barney ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar mutumin, ya mayar da lofensa baki.

Saura huɗu. Enoch ya yi ta juya su a tafin hannu har sanyi ya wuce. In ya jira Juma'arta, za su mutu. In ya shuka a Oktoba, za su rayu, amma lokacin Keziah ta riga ta tuge nata ta share wurin.

A Oktoba ya shuka uku. Suka hau sanda, suka yi jan fure irin na bayan ɗakinsu na can gida, suka ba shi iri cike da hula.

"Ka ga ni?" in ji Barney. "Yanzu ka zama ɗan gari."

Haka kowa ya ce, wai ya yi hankali ya saki gida. Mutane akwai saurin yanke hukunci.

Da Juma'ar Ista ta zagayo, Barney ya same shi durƙushe a gindin bukka, ga iska mai sanyi tana kaɗawa, yana tura ƙwayar ƙarshe ta taran da Keziah ta ɗinke masa cikin ƙasa da babban yatsa.

"Ka san dai ba za ta yi ba."

"Na sani," in ji Enoch, yana mayar da ƙasa. "Yau Keziah take shuka nata."