Ranar da Darrell Ya Sallami Biscuit

Shekara da shekaru kalmar sirrin rumbun bidiyon gidan Niskanen ɗaya ce: Biscuit, sunan karensu. Rumbun wata tsohuwar kwamfuta ce a ɗakin ƙasa, gefen injin wanki, a garin Duluth na Amurka. Darrell ya zuba mata duk kaset-kaset ɗin iyali, kowa na kallo daga garin da yake. A ciki akwai wanda mahaifiyarsa Verna ke kallo duk Ranar Godiya, bikin shekara-shekara na Amurkawa, a gidan tsofaffi na garin Fargo: marigayi mijinta yana yanka talotalo, yana rera waƙa da mummunar murya.

Wata rana Darrell ya lura cewa Candace, wadda ta rabu da ƙanensa bara, har yanzu tana shiga daga gidanta na Fargo. Ba ta yi masa laifin komai ba. Amma shi, mutumin da ake biya ya tsare kwamfutocin kamfanin inshora, a ce kare ke gadin gidansa?

Ya samo wata ƙaramar manhaja da ake ɗora wa rumbun don tantance masu shiga: kowa da sunansa, da doguwar kalmar sirri, da lambar da za a turo masa ta waya. Da safiyar Ranar Godiya ya ɗora ta, ya soke Biscuit, ya aika wa dangi saƙo cewa kowa ya fita ya sake shiga. Candace kaɗai bai aika wa ba.

Dangin masu biyayya ne, duk suka fita. Ma'aikaciyar gidan tsofaffi ta fitar da talabijin ɗin Verna daga rumbun. Shi ma Darrell ya fita, don ya zama abin koyi.

Babu wanda ya iya komawa. Manhajar na neman lamba, wurin saita tura lambar kuma yana ciki, bayan ƙofar da ya kulle. Gyara zai yiwu, amma aikin yini ne.

Matarsa Jolene ta leƙo daga saman matakala, da cokalin miya a hannu.

"Injiniya, an kama ɓarawon?"

"An kama."

"Waye?"

"Ni ne."

Sai ga kiran Verna.

"Darrell, akwatin nan na tambayata ko ni wace ce. Ka faɗa masa."

"Mama, ƙarin tsaro ne na sa."

"Wa zai saci babanka yana waƙa? Da ransa ma ba a tsaya saurare ba. Ni dai ina so in gan shi kafin su kawo abinci."

Darrell ya zauna kan kwandon wanki. Manhajar masu shigowa kawai take tarewa, ba ta korar wanda ke ciki. A duk faɗin Amurka mutum ɗaya ne bai fita ba, don ba a gaya masa ya fita ba. Ya daɗe yana kallon lambar wayar Candace kafin ya danna.

"Yaya Darrell!" in ji Candace. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Kwamfutarki ta hannu, har yanzu tana buɗe bidiyonmu?"

"Au, leƙen asirina kake yi?"

"Aikina ke nan. Ko in ce, da."

Ya yi mata bayani bai rage komai ba, har da wadda aka yi abin dominta. Ta yi dariya har da tari.

"Wato ka gina katanga don ni, ka wayi gari kai ne a waje."

"Haka rahoton yake."

"Titin Mama an share ƙanƙara?"

"Ban sani ba."

"Bari in sa takalmi."

Ana cikin raba dankali Candace ta turo hoto: Verna da tabarau, kwamfutar a cinyarta, bakinta a buɗe tana bin waƙar. A ƙasa ta rubuta: "Ta ce in tsaya cin abinci. Ta kuma ce ka mayar da karen bakin aikinsa."

Darrell ya miƙa wa Jolene wayar. Ya yanki fatar talotalo ya sauke hannu ƙarƙashin tebur. Biscuit ya karɓa bai tambayi sunansa ba.