Kujerun Makokin Abdul Radi

Likita Sanaa ta karya wuyan 'yar kwalbar, ta zuƙe ruwan a sirinji.

Wata uku ke nan unguwar tana jin ihun tsoho Abdul Radi. Ciwon daji ya ci masa ƙashi. Mata na gasa burodi da ihun a kunnensu, jakuna ma sun daina firgita. Mutum yana saurin sabawa da azabar da ba a jikinsa take ba.

"Yi masa, don Allah," in ji 'yarsa Badriyya. "Kafin Yaya Rifat ya dawo daga gonar rake. Shi ya dage wai allurar nan kisa take yi."

Sanaa ta san inda irin wannan magana take kaiwa. Shekara biyu da suka wuce ta yi wa wata tsohuwa irin wannan allurar ta morfin mai kashe raɗaɗi, washegari tsohuwar ta rasu, kamar yadda da ma za ta rasu. 'Ya'yan suka kai ƙara. Kwana huɗu Sanaa ta yi a tsare, ɗaki ɗaya da masu sayar da ƙwaya, lauyanta yana ta laluben layin dokar da zai bambanta ta da su. Tun daga nan maganin ciwon kai take rubutawa, ta kawar da kai. Wannan tsoro ne sunansa, ita ma ta sani.

Ta soka allurar. Ihu ya koma nishi, nishi ya koma numfashi. Sai shiru.

Shirun ya fita ta taga ya cika layin. Mai shayi ya kashe rediyonsa. Wata mata ta ƙwalla kuka daga kan soro, wata ta karɓa. Ba a jima ba Sanaa ta ji ana dangwarar da ƙarfe a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa. Mai hayar kujeru ne yake jera kujerun makoki a ƙofar gida, layi biyu, suna kallon juna. Babu wanda ya shigo ya duba.

Rifat ya faɗo ɗakin da sanda, ganyen rake a rawaninsa.

"Kin kashe shi, ko? Ke da wannan shashashar!"

"Dubi ƙirjinsa," in ji Sanaa. "Barci yake."

Tsohon ya buɗe ido, ya saurari kukan matan.

"Wa ya mutu?"

"Kai ne, Baba," in ji Badriyya.

"To, ku fitar da ni in yi gaisuwa."

Aka cicciɓe shi aka ɗora a kujerar farko, jallabiya tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Masu zaman makoki suka daskare. Aka miƙa masa gahawa marar sukari, wadda aka dafa domin mutuwarsa. Ya kurɓa.

"Ruwa ya yi yawa. Ko a mutuwata ma sai kun yi rowa?"

Babu wanda ya yi dariya.

"Ku saurara. Ni na roƙi allurar nan. Gobe ko jibi zan tafi, da ita ko babu ita. Kada wanda ya taɓa baiwar Allah nan. Kun shaida?"

Mutum talatin suka dubi takalmansu. Shaida a gaban hukuma ba zaman shan gahawa ba ne.

Mai kujeru ya tambayi Rifat ko ya kwashe kayansa.

"Bar su," in ji Rifat.

Sanaa ta koma ɗaki ɗaukar kwalbar da ta fasa. Dole ta mayar da ita ma'ajiyar magani ta asibiti, in ba haka ba a ce sayarwa ta yi. Ba ta kan tebur. Rifat na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa dafe da aljihun ƙirjinsa.

"Ni zan ajiye ta," ya ce, "har mu ga abin da Allah zai yi." Ta gane: in tsohon ya cika, da kwalbar zai kai ƙararta.

Bayan la'asar ta hau a daidaita sahu. Suna kaiwa gadar magudanar ruwa ta ji shi: nishin farko, siriri, yana biyo ta ta kan gonakin rake. Allurar ta sake shi. Kwalba ɗaya ta rage a jakarta.

"Juya," ta ce wa direban.

Kujerun na nan a jere, babu kowa a kai. Rifat ne ya buɗe mata ƙofa, bai ɗauke hannu daga aljihun ba.

"Shigo, Likita," ya ce. "Ke yake kira."