Hannun Kwat ɗin Ƙaiƙayi

Tela yana cikin zura zare a allura, ya runtse ido ɗaya, sai inuwa ta tare masa hasken ƙofa. Budurwa ce, idanunta a kumbure, ta rungume wata jar kwat a ƙirji kamar mai ɗauke da jinjiri. Bai san fuskar ba, amma kwat ɗin ko a duhu zai gane ta.

"Baba, ina kwana. Ni 'yar Ƙaiƙayi ce."

"Allah ya jiƙansa, 'yata. Ya haƙuri? Ture wannan yadin ki zauna."

Ƙaiƙayi mai barkwanci ne. Shi kaɗai yake tsayawa a kan dandamali, daga shi sai makirufo, ya yi ta caccakar mutane har masu kallo su riƙe ciki. Bai bar manyan gari ba, bai bar likitoci ba, ko surukarsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Makon jiya ya rasu, kuma tun ranar muryarsa direbobin bas suke sakawa, fasinjoji na dariya suna share ido.

Amma babu wanda ya sha bakinsa kamar tela. Tun Ƙaiƙayi bai yi suna ba ya zo a ɗinka masa kwat. Wajen awo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana kwaikwayon tafiyar wani alƙali, yana wurga hannuwa. Da kwat ta fito, sai hannun dama ya ɗara na hagu da yatsa huɗu. Tela ya roƙe shi ya dawo da ita a gyara, ya ƙi. Da ita ya riƙa hawa dandamali, yana kaɗa hannun da ya haɗiye masa yatsu.

"Telana mai hangen nesa ne," in ji shi. "Ya ga alamar zan shiga siyasa, sai ya ƙara wa hannun karɓa tsawo!"

Daga nan sunan tela ya ɓace, ya koma Hannu-da-Rabi. Ya yi wa angwaye ɗinki ba adadi, babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi, amma duk wanda ya karɓi rigarsa sai ya miƙe hannuwa biyu ya gwada yana murmushi.

"Yau da yamma abokansa za su taru a zauren da ya saba wasa," in ji budurwar. "Sun ce in yi magana. Ina so in sa ta, amma ta yi mini yawa. Ka rage mini ita."

"Hannun fa?"

Ta shafa dogon hannun kwat ɗin. "A asibiti ya ba ni saƙo. Ya ce, ki kai wa Hannu-da-Rabi, ki ce masa yanzu dai zan tsaya wuri ɗaya, ya gyara."

Tela ya buɗe baki, bai san abin da zai fito ba, dariya ko kuka. Tari ne ya fito.

"Ja'iri," ya ce a hankali. "Har a can ɗin ma bai bari ba."

Ya auna ta. Ita kam ta tsaya cak kamar turke. Ta ce za ta dawo bayan azahar.

Ya rataya kwat ɗin a jikin mutum-mutumin gwada kaya, wanda ya ɗora wa tsohuwar hula a wuya, don ba ya son wuni da marar kai. Ashe tufa tana riƙe mai ita: gwiwar hannun hagu har yanzu a tanƙwashe take, kamar makirufo na nan a riƙe. Bakin dogon hannun kuwa ya koɗe, ya yi sheƙi don sharar gumi.

Ya farke shafin cikinta da reza, ya rage kafaɗu, ya matse ciki. Sannan ya zo kan hannun dama. Ya ja layi da alli daidai da na hagu, ya naɗe rarar ciki, ya kafe ta da allurai. Ya ja da baya ya duba. Kwat ta yi kyau ƙwarai. Yau zaure zai cika, kowa zai ga hannu biyu daidai, a san tela ya iya aikinsa. Ya ɗauki almakashi.

A lokacin matarsa ta shigo da kwanon abinci, tana ɗan jan ƙafa kamar yadda take yi tun ciwonta. Ta dubi mutum-mutumin.

"Kwat ɗin wane ma'aikacin banki ne wannan?"

"Ta Ƙaiƙayi ce. Shi ya aiko a gyara."

"A'a, maigida. Tasa na san ta." Ta ajiye kwanon ta zauna. "Ka manta ne?"

Bai manta ba. Shekarar da ɓarin jikinta ya shanye, ta kwanta a asibiti ba uhm ba a'a, idonta a kan rufi, har ya fara sabawa da shirun. Rannan da rana tsaka sai ga Ƙaiƙayi a ɗakin marasa lafiya cikin wannan kwat ɗin, ba wanda ya gayyace shi. Ya miƙa wa nas bakin dogon hannun kwat ɗin da babu komai a ciki ya ce ta duba masa jini. Sannan ya sunkuya kan gadon ya ce, "Uwargida, ki tashi don Allah. Kina raye ma ga abin da mijinki yake yi mana, ina ga kin tafi?" Wani sauti ya fito daga karkataccen bakinta, kamar ƙarar tsohuwar ƙofa. Dariya ce. Ita ce ta fara dawowa, magana ta biyo baya.

"Shekara da shekaru ana yi mini dariya," in ji tela.

"Ni ma na yi," ta ce. "Ka ji haushi?"

Ya dubi layin allin. Sai ya ajiye almakashi, ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya sauko. Amma budurwar ba ta kai ubanta tsawon hannu ba, dole a rage duka biyun. Ya yanke na hagu daidai awonta. Na dama kuwa ya auna, ya sake aunawa, ya ɗora yatsunsa huɗu bayan layin, sannan ya yanka. Bai taɓa yin awo da natsuwa irin wannan ba.

Bayan azahar budurwar ta dawo. Ya riƙe mata kwat ta zura. Hannun hagu ya tsaya a wuyan hannunta. Na dama ya wuce, ya haɗiye yatsunta. Ta ɗaga shi a gaban madubi, bakin ya langaɓe yana lilo.

"Baba, ai cewa ya yi ka gyara."

"Sau nawa na ce ya dawo da ita ya ƙi? Shi ma yau ya ji yadda ake ji."

Ta fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta laluba aljihu babu hankici, sai ta kai dogon hannun fuskarta ta goge.

"Ka gani?" in ji matar tela, tana buɗe kwanon abinci. "Da ka yanke, da me za ta share?"